Bugu Biyu ko Bugu Huɗu: Wane Inji Ya Dace da Ƙaramin Jirgi a Sararin Katsina?

Duk wanda ya ƙudura aniyar mallakar ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake haɗa ƙashinsa da bututun alminiyom ko na ƙarfe a lulluɓe da yadi, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, zai tarar cewa jirgi guda yakan zo kasuwa da inji iri biyu, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Jirage irin su Kitfox na Amurka da X-Air da ake ƙerawa a Indiya ana samun su da inji mai bugu biyu, ana kuma samun su da mai bugu huɗu. Yawancin shawarar da ake karantawa a kan wannan zaɓi mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta ta domin junansu, mutanen da ke da dillalin kayan gyara a garin da ke kusa da su, da fetur wanda aka rubuta darajarsa a jikin famfo. Mutumin da zai ajiye jirginsa a Katsina ko Daura yana da wani lissafi dabam, domin zafin Afrilu da ƙurar Disamba da ingancin man da zai zuba duk suna da ta cewa a kan ko farfelarsa za ta ci gaba da juyawa.

Injin bugu biyu ba baƙo ba ne a garin nan. Shi ne a cikin tsofaffin babura irin su Suzuki da Jincheng masu barin shuɗin hayaƙi a bayansu, shi ne kuma a ƙaramin janareton da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur. 'Yan acaba sun yanke nasu hukuncin tun da daɗewa, lokacin da suka koma kan Boxer mai bugu huɗu saboda ba ya shan mai, kuma yakan daɗe bai nemi bakanike ba. Dalilan nan guda biyu suna nan daram a kan jirgi. Abin da ya ƙaru shi ne nauyi, wanda babur bai damu da shi ba amma jirgi yake ƙirga kowane kilo nasa, sai kuma cewa idan inji ya tsaya a sama babu gefen titin da za a ratse a jira ya huce.

Bambancin aikinsu gajere ne, amma daga gare shi komai ya samo asali. A inji mai bugu huɗu fistin yakan yi tafiya huɗu kafin wuta ta sake tashi: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, wuta ta tashi ta tura shi, sannan ya kori hayaƙi, kuma bawul ne ke buɗe ƙofa da rufe ta. Baƙin mai yana da tankinsa da famfonsa da matatarsa, yana zagayawa yana dawowa. A mai bugu biyu kuwa wuta na tashi a kowane juyi na karanshaf, kuma babu bawul a kan silinda, sai ramuka a jikinta waɗanda fistin ɗin da kansa yake toshewa yana buɗewa. Iska da fetur sukan fara shiga ƙasan injin, inda karanshaf da boris suke, kafin a tura su sama, saboda haka ba zai yiwu a tara baƙin mai a wurin ba. Dole ya shigo tare da iskar, ya shafi ƙarfe a kan hanyarsa, ya ƙone, ya fita ta salansa. A injin da ake gauraya wa mai a tanki, fetur yana yin aiki uku a lokaci guda: shi ne abincin injin, shi ke ɗauko masa man shafawa, shi ne kuma ke sanyaya kan fistin. Duk abin da ya rage fetur, ko toshewar jet ce, wato ɗan ramin da ke auna fetur a cikin kafireto, ko iska ce ta sato hanya ta wata tsaga, ya rage ukun nan gaba ɗaya.

Domin kwatancen ya tsaya a kan abu na zahiri, gara a ɗauki injinan kamfanin Rotax na ƙasar Ostiriya, tunda su ne suka fi yawa a wannan fanni ta ɓangarorin biyu. Rotax 503 silinda biyu gare shi, yana ba da ƙarfin doki kusan 50, kuma iska ce ke sanyaya shi. Ƙanensa 582 shi ma silinda biyu ne, amma ruwan lagireto ke sanyaya shi, yana ba da ƙarfin doki 65 a juyi 6,500 cikin minti ɗaya. A ɗaya ɓangaren akwai 912, wanda ya fito a 1989, mai silinda huɗu, ruwa na sanyaya kawunansu iska na sanyaya jikinsu. Samfurin UL yana ba da doki 80, ULS kuma doki 100, ana barinsa ya kai juyi 5,800 na minti biyar wajen tashi, sannan a dawo 5,500 ko ƙasa da haka. Dukkansu suna juyawa da sauri fiye da yadda farfela ke so, shi ya sa kowanne yake da akwatin giya mai rage juyi. Idan aka yi lissafi, wuta na tashi sama da sau 100 a daƙiƙa guda a kowace silinda ta 582 idan an taka totur duka, alhali a 912 ba ta kai rabin haka ba, kuma kowane tashin wuta zafi ne da fistin zai nemi inda zai kai shi.

Abin da mai bugu biyu ya fi da shi a fili yake, kuma bai kamata a raina shi ba. Idan aka haɗa 582 da akwatin giyarsa da salansa da lagireto, nauyinsa yana wajen kilo 50, shi kuwa 912 da kayansa yakan ɗara shi da kilo 15 zuwa 20. A jirgin da nauyinsa duka bai wuce na babban babur ba, wannan tazara tana iya zama fetur ɗin awa guda, ko ta karkatar da ma'aunin jirgin har ya ƙi zama daidai a iska. Dokar Amurka ta 1982 da ta kafa rukunin jirage mafi sauƙi ta ƙayyade cewa kada jirgin ya wuce kilo 115 ba tare da mai da matuƙi ba, kuma a wannan iyaka ne injin bugu biyu ya yi sarautarsa, domin da wuya mai bugu huɗu ya shiga cikinta. Haka abin yake ga masu goya inji a baya su tashi da lema, waɗanda galibinsu ke amfani da ƙananan injinan Italiya irin su Vittorazi Moster 185 da Polini Thor. Ban da nauyi akwai sauƙin gini. Babu bawul a kan silinda, babu abin da ke tura shi, babu famfon matsa baƙin mai, kuma bakanike mai hankali da ya ƙware a kan babura zai gane cikinsa da kallo ɗaya. Kuɗin saye ma haka: lokacin da ake sayar da su sababbi tare, farashin 912 ya ninka na 582 fiye da sau biyu.

Sai dai kuɗin saye rana ɗaya ake biyansa, kuɗin riƙo kuwa kowace awa. Kamfanin ya ƙayyade cewa a sauke 503 da 582 a yi musu garambawul bayan awa 300 na aiki ko shekara 5, duk wanda ya riga zuwa, kuma a wannan garambawul har karanshaf ake canzawa. Wa'adin 912 na yanzu awa 2,000 ne ko shekara 15. Wato kafin 912 ya shiga gareji sau ɗaya, ɗan'uwansa ya shiga sau shida, kuma kowane shiga yana nufin odar kaya daga Turai ko Afirka ta Kudu da kuɗin waje, da jiran kwastan, da watannin da jirgin zai yi a rufe. Kamfanin Hirth na Jamus yana ba wasu injinansa masu bugu biyu wa'adin awa 1,000, amma su ba su yaɗu kamar Rotax ba, kuma neman kayansu daga nan ya fi wuya. Wajen shan mai kuma, 582 yakan ci kusan lita 20 a awa idan yana aiki da kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa, 912 UL kuwa kusan lita 16, tare da cewa ƙarfin da yake bayarwa ya fi yawa. Tazarar lita 4 ta zama lita 1,200 a cikin awa 300. A ƙara da baƙin mai na musamman da ake ƙonawa, kashi ɗaya cikin 50 na fetur, wato mililita 400 a kowace jarka mai lita 20, wanda a wannan lissafi zai kai lita 120 kafin garambawul. Wanda ke tashi awa 30 a shekara ba zai ji wannan a jikinsa ba, amma wanda ke koyar da ɗalibai ko yake zagaya gonaki kowane mako zai ga arhar farko ta narke kafin shekara uku.

Maganar da ta fi kuɗi muhimmanci ita ce yadda kowanne yake mutuwa. Littafin da Rotax ke bayarwa tare da injinansa marasa takardar shaidar hukuma, har da 912 UL, yana gargaɗi ƙarara cewa injin na iya tsayawa ba zato, kuma kada a tashi da shi a inda ba za a iya sauka lafiya ba idan ya mutu. Gargaɗin ɗaya ne, amma halin injinan ya bambanta. Mai bugu huɗu yakan yi ƙorafi tukuna: allurar matsin baƙin mai ta fara sauka, zafi ya fara hawa, ko silinda ɗaya ta ɗauke sauran ukun su ci gaba da jan jirgin da ƙyar. Mai bugu biyu sau da yawa ba ya sallama. Fistin na alminiyom ne, yana kumbura da zafi fiye da bangon silindar da yake gudu a ciki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Da zarar ya kumbura ya cinye tazarar, sai ya manne, farfela ta tsaya cak.

Na ga irin wannan fistin a hannun wani dattijon bakanike a wani garejin babura wajen Ƙofar Ƙaura, ya fito da shi daga tsohon Jincheng. Ya juya shi ya nuna mini gefen da ke fuskantar salansa, inda ƙarfen ya yi zane-zane daga sama har ƙasa kamar an ja shi a kan tsakuwa, ringin ya nutse cikin raminsa ya ƙi motsi, kan fistin ɗin ya yi fari fat ya fara zaizayewa. Ya ce, "Malam, wannan ba tsufa ya kashe shi ba, ƙishirwa ce. Dubi fulogin ma, ya yi fari kamar alli. Da yana samun mai yadda ya kamata, da launin ƙasa za ka gani." Sannan ya ƙara da abin da ya fi dacewa matuƙi ya riƙe, cewa mai babur ɗin ya jira ya huce, ya buga ya tashi, ya ci gaba da hawa har kwana biyu yana zaton ba komai. Haka injin jirgi yake yi. Ya kama a sama, matuƙi ya sauka a gona, bayan minti goma ya tayar da shi ya ji yana kuka lafiya lau, sai ya ɗauka datti ne ya wuce ta kafireto. Injin da ya taɓa tsayawa irin wannan tsayi ba a sake tashi da shi sai an cire salansa an leƙa jikin fistin ta ramin hayaƙi.

A nan ne yanayin Katsina ya shigo, kuma a ganina a nan ne shawarar mutanen waje ta fi gaza mu. Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'adua yana kan tudun da ya ɗara mita 500 daga matakin teku. Da ranar Afrilu ko Mayu, idan zafi ya kai digiri 40, iska takan yi sako-sako har inji da fiffike su ji kamar suna kan tudun mita 1,500, kuma inji yakan yi asarar kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Doki 65 ya koma wajen 55, doki 50 ya koma 43. Jirgin da ke ɗaukar mutum biyu da sauƙi a Ingila da 503 zai ci titi mai tsawo a nan, ya hau sama yana jan jiki, matuƙi kuma ya daɗe da totur a buɗe a daidai lokacin da iskar da za ta sanyaya injin ita kanta zafi gare ta. Wanda ke da doki 80 yana da rarar da zai yi asara daga ciki.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Kafireton Bing 54 da ke kan injinan Rotax masu bugu biyu ba ya gyara kansa idan kaurin iska ya canza. A zafin bazara fetur yakan rinjayi iska, injin ya yi nauyi, fulogi ya yi baƙi, sai mai jirgi ya sa ƙaramin jet, kuma ya yi daidai, domin kamfanin ma yana da jadawalin girman jet gwargwadon tudu da zafi. Amma idan hunturu ya shigo, safiyar Disamba ko Janairu ta sauka ƙasa da digiri 15, iskar ta fi ta Afrilu kauri da kusan kashi 9 cikin 100, kuma jet ɗin nan da ya dace da bazara ya zama mai kashe inji da ƙishirwa. Abin takaici, a wannan safiyar ce injin zai fi daɗin kuka ya fi ƙarfi, har matuƙi ya ji daɗi. Abin da kawai zai tona asirin shi ne agogon zafin hayaƙi, wanda bai kamata ya wuce digiri 650 ba, kuma dole kowace silinda ta sami nata. Jirgi mai bugu biyu da ba shi da wannan agogo, ko yake da shi amma matuƙin bai saba kallonsa ba, bai cancanci a hau shi ba. Kafireton Bing 64 na 912 yana rage wannan matsala da kansa har wani mataki, kuma ko da haɗin ya ɗan karkace, man shafawarsa bai dogara da fetur ba.

Sanyin safiya yana da wata illar ga 582 musamman. Idan aka tayar da shi aka taka totur tun ruwan lagireto bai yi zafi ba, fistin zai kumbura nan take alhali ruwan sanyi ya riƙe silinda a tsuke, sai ya kama, galibi a daidai lokacin da jirgi ya bar ƙasa bai yi nisan da zai juyo ba. Maganinsa haƙuri ne kawai, a bar shi yana juyawa a hankali har ruwan ya kai wajen digiri 65. Irin haka kan faru idan aka daɗe ana gangarowa daga sama da totur a rufe, inji ya huce, man shafawa ya ragu, sannan a buɗe totur gaba ɗaya a fasa sauka. Ƙwararru sukan riƙa ɗan taɓa totur a kan hanyar gangarowa saboda wannan. Samfurin da ke da famfon zuba baƙin mai da kansa ya sauƙaƙa aikin gaurayawa, amma ya ƙaro tanki da waya da tiyo waɗanda dole a duba kafin kowane tashi.

Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushi gare ta kamar hoda, kuma tana cutar da injinan biyu, amma ba daidai ba. A mai bugu huɗu ƙurar da ta tsallake matatar iska silinda take shiga, abin da ya gangara cikin baƙin mai kuma matata ta kama wani, canjin mai ya fitar da saura. A mai bugu biyu hanyar iska ta kan boris ɗin karanshaf ta bi, babu matatar da za ta tsince ta daga baya. Dole a riƙa wanke matatar iska ana shafa mata manta akai-akai, a kuma rufe bakin kafireto da na salansa idan an ajiye jirgi. Zafi da bushewar iska kuma suna cin roba da wuri, musamman robar da ke riƙe kafireto a jikin inji. Tsagar da ido ba ya gani sai an lanƙwasa robar ta isa ta shigar da iskar da za ta ƙone fistin. Abin da yanayinmu ya taimaka da shi shi ne ƙarancin laima a yawancin shekara, domin tsatsar boris ita ce ke kashe injinan da aka ajiye a ƙasashen damshi, ko da yake watannin Yuli da Agusta sun isa su yi ɓarna ga injin da aka bari ba a tayarwa.

Batun mai kuwa, kowa ya san halin da ake ciki. Gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba a rubuta darajarsa ba, kuma ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ya lalata motoci. 503 da 582 da 912 UL duk an yi su ne domin fetur mai darajar oktan 90 (oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure matsi bai kama wuta da kansa ba), shi kuwa 912 ULS mai doki 100 sai 95, wanda mutum ba zai iya rantsuwa cewa shi ne ke fitowa daga famfo ba. Fetur ɗin jirgi na musamman, 100LL, tsada gare shi da wuyar samu, har Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta karkata zuwa jiragen Diamond masu shan kananzir ɗin jirgi. Ga shi kuma 100LL ɗin yana da dalma mai barin datti a injinan Rotax. Saboda haka duk injin da aka zaɓa, man 'yan bumburutu na bakin titi haramiyarsa ne, kuma ko na gidan mai sai an tace shi da mazurari mai raba ruwa. Mai bugu biyu yana da ƙarin sharaɗi. Baƙin mansa dole ya zama na injin bugu biyu mai lambar API TC, ba na mota da muka saba tsiyaya wa janareto da ido ba, ba kuma na kwale-kwale ba. A auna shi da kofin awo, a girgiza jarkar sosai, kuma kada haɗin ya kwana makonni a tanki cikin zafi. Jabun fulogi da jabun mai sun cika kasuwa, kuma injin da ake canza wa fulogi bayan kowace awa 25 ya fi yawan haɗuwa da su.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa bugu huɗu lamuni ne. Kamfanin Jabiru na Ostireliya injinan bugu huɗu yake yi masu sanyaya da iska, amma a ƙarshen 2014 hukumar jiragen saman ƙasar ta ƙaƙaba wa jiragen da ke ɗauke da su takunkumi saboda yawan mutuwar inji, sai daga baya ta sassauta. Shi kansa 912 yana da nasa ƙa'idoji. Kafiretonsa biyu sai an daidaita su da ma'auni su riƙa numfashi tare. Ba a duba baƙin mansa sai an juya farfela da hannu har an ji tankin ya yi gyatsa, alamar man ya dawo daga cikin inji. Ana canza duk kayan robarsa bayan shekara 5. A zafi irin namu fetur na iya tafasa a cikin tiyo bayan an kashe inji a rana, don haka tiyon da ke mayar da rarar mai tanki ba ado ba ne. Idan kuma ya lalace da gaske, ba aikin garejin unguwa ba ne, kuma kuɗin gyaransa na iya sayen 582 sukutum.

Wurin da za a tashi ma yana cikin lissafi. Ƙasar da ke tsakanin Katsina da Daura shimfiɗaɗɗiya ce, kuma da rani, bayan an kwashe gero da dawa, jirgi mai sauka da gudun da bai wuce na babur ba zai sami fili kusan ko'ina, in ya kauce wa kunyoyin gona da kututture da itatuwan gawo. Da damina hatsi ya yi tsayi, wajen Dutsin-Ma kuwa duwatsu ne, sannan akwai sassan yamma da kudancin jihar da saukar dole a cikinsu matsala ce ta tsaro kafin ta zama ta inji. Duk wannan bayan an sami rajista da izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya ne, da sanin jami'an tsaro, domin ba a tashi a sararin wannan yanki da ka.

Ra'ayina shi ne, wanda zai ɗauki mutum na biyu, ko zai koyar, ko zai yi nisa da filinsa, ko zai wuce awa 100 a shekara, ya jira har kuɗinsa su kai 912 UL mai doki 80, ya bar mai doki 100 saboda batun oktan. Wanda jirginsa na mutum ɗaya ne, ko lema ce, yana shawagi kusa da fili da safe ko da yamma, kuma shi da kansa yake son riƙe sifana, mai bugu biyu ne nasa, sau da yawa ma ba shi da wani zaɓin. Tsakanin 503 da 582 kuma, na farkon ya fi sauƙin hali domin ba shi da lagireto da famfon ruwa da za su yi yoyo, amma ƙarfinsa na mutum ɗaya ne a zafinmu. Wanda bai dace da mai bugu biyu ba sam shi ne mai hali irin na masu mota, wanda ke son ya murza makulli ya tafi, ya bar wa yaro duba mai.

Wanda ya zaɓi mai bugu biyu ya sani cewa tsoho zai saya, domin an daina ƙera 503 tun fiye da shekara goma da suka wuce, 582 kuma kamfanin ya sanar da dakatar da shi a 2021, tare da alkawarin ci gaba da samar da kayan gyara na wasu shekaru. A 582 akwai tsohon samfuri mai kai ruwan toka da sabo mai shuɗin kai, kuma na biyun ya fi. A nemi lambar injin a tabbatar na jirgi ne, domin Rotax yana ƙera masu kama da shi domin motocin ƙanƙara, waɗanda wasu ke yi wa kwaskwarima su sayar; na jirgi na baya-bayan nan yana da fulogi biyu a kowace silinda da hanyar wuta biyu masu zaman kansu. A nemi littafin tarihin injin a ga ranar garambawul na ƙarshe da wanda ya yi shi. Idan babu littafi, ko mai sayarwa ya ce awoyinsa kaɗan ne amma ya shekara huɗu a ajiye, a ɗauke shi a matsayin injin da wa'adinsa ya cika, a cire kuɗin sabon karanshaf da fistin da sil da robobi daga farashin tun a wajen ciniki.